Shekarar da Na Ja Kare a Dubai

Na san abin da kuke kirana idan na ba da baya. Jikokina ma sun iya, har ƙaramar cikinsu ta taɓa tambayata a gaban baƙi wai ina na baro karen nawa. To, Alhaji Mai Kare dai ni ne, ban musa ba. Abin da nake musawa shi ne labarin da ke bin sunan, don na ji shi kala uku. Wasu sun ce aikina ne ya ƙare a Dubai na koma yawo da karnukan Turawa, wasu sun ce a ɗakinmu yake kwana, wata gwaggonku kuma ta rantse har wanka nake yi masa da sabulun Hajiya. Ko ɗaya ba a yi ba. Ga yadda aka yi, daga bakin wanda ya riƙe igiyar.

A lokacin na daɗe a Dubai, ina aikin injiniya a wani kamfanin ruwa. Muna zaune a hawa na huɗu a wata unguwa mai nisa da Deira, matattarar 'yan kasuwarmu, unguwar da sai ka yi wata ba ka ji Hausa a titi ba. Mu uku ne a gidan: ni, da Hajiya mahaifiyarku, da babbar yayarku Ummi, wadda ba na faɗin sunanta na yanka saboda sunan mahaifiyata ne. Ku maza kuna makaranta a gida Najeriya, shi ya sa komai a bakin mutane kuka ji shi. Ummi ta gama karatun haɗa magunguna ta kama aiki, a wurin aikin kuma ta haɗu da Mubarak, yaro mai natsuwa, ɗan Kano. Magana ta kai ga manya. Mahaifinsa ya aiko cewa za su yi bincike kamar yadda aka saba, mu ma mu yi namu. Ban damu ba ko kaɗan. Na ce su bincika har ƙarƙashin gado, me za su samu?

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce ɗan Lebanon, Kirista, mai gyaran agogo, ana ce masa Abu Jamil. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana Kanada, abin da ya rage masa a gidan sai wani kare ja mai faɗin kai, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Sunansa Simsim, wato riɗi. Shekara da shekaru idan muka haɗu a lif ni da karen, kowa kama kusurwarsa yake yi. Amma shi dattijon ba ni da bakin gode masa. Wata rana ina can Hatta wurin aikin madatsar ruwa, jinin Hajiya ya hau ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa da rana tsaka. Abu Jamil ne ya kira matan bene na ƙasa suka kama ta, ya sa ta a motarsa, ya zauna a asibiti har na iso, shagonsa a rufe yini guda. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

To shi ne santsi ya kwashe shi a banɗaki ƙugunsa ya karye. Muka je duba shi bayan an yi masa aiki, muka tarar da tsoho yana hawaye. Na ɗauka ciwo ne, ashe kare yake yi wa kuka. An ce sai ya yi wata huɗu kafin ya taka da kyau, matar da ke zuwa yi masa girki da shara kuma ta ce za ta zuba wa karen abinci amma ba za ta fita da shi ba. Bai roƙe ni ba. Ya san mu, ya san yadda muke da kare. A mota muna dawowa, da muka wuce gada biyu Hajiya ta ce:

"Alhaji, wa zai riƙa fitar masa da karen nan?"

Na ce, "Allah zai kawo mai fitarwa."

Ta ce, "Ai ya kawo. Ga shi nan yana tuƙi."

Na yi faɗa, na ce ni Isiyaku, da furfurata, da zuwa Makka sau biyu, a gan ni da igiyar kare? Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce ita dai ta san wanda ya ɗauke ta daga bakin ƙofa, kuma da ana ganin mace da kare a yi shiru da ita za ta fita da shi. Washegari na buga wa wani malamina na Kano waya, ina fata ya haramta min in huta. Ya yi ta dariya har sai da na ji haushi. Ya ce kada in shigar da shi ɗakina, in wanke abin da ya lasa, in ware tufafin da zan riƙa sawa, sauran kuma haƙƙin maƙwabtaka ne, in je in sauke. Malamin ma bai cece ni ba.

Sai na yi shiri. Akwai wasu kayan motsa jiki shuɗɗa da na saya tun shekara uku ban taɓa sawa ba, na ɗauko su. Na samo hular hana sallah, da baƙin tabarau, da safar hannu ta roba irin wadda Hajiya ke wanke-wanke da ita. Kayan a baranda suke kwana cikin bokiti, ba sa shiga ɗaki. Ranar farko da na fito a haka Ummi ta dube ni ta zauna a ƙasa don dariya, ta ce wallahi ko ita ba za ta gane ni a hanya ba. Na ce abin da ake so ke nan.

Yawancin manyan lambunan shaƙatawa na garin ba a shiga da kare, amma bayan gidajenmu akwai wani ƙarami, mai ciyawa da dabino da hanyar masu sassarfa, inda aka yarda in dai da igiya. Can muke zuwa, bayan asuba da bayan la'asar. Kada ku ɗauka ni nake jan Simsim, shi yake jana. Ranar farko ya tsuguna ya yi abinsa a tsakiyar ciyawa, na kau da kai na yi gaba, sai ga mai gadin lambun, wani ɗan Nepal, ya biyo ni da leda a hannu yana nuna min wurin. Na ce me zan yi da ita? Ya gwada min. Ni da nake da mutum talatin a ƙarƙashina a wurin aiki, na durƙusa na kwashe, ina istigfari. Kwana uku bayan nan wata Baturiya mai wani ɗan mitsitsin kare sanye da rigar sanyi ta tare ni da masifa wai namu ya harari nata. Na ce Madam, haka fuskarsa take, ni ma haka yake kallona. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na wasu Indiyawa da suka shimfiɗa tabarma suna karin kumallo. Ina amsa waya, ban ankara ba Simsim ya miƙa wuya ya ɗauke gurasa daga hannun maigidan, ya haɗiye ko taunawa babu. Na ba da haƙuri da Turanci, na ba da Larabci, matar tana faɗa, yaran suna tafi. Washegari na kai musu dabino, daga nan kuma muka zama abokai.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, kafin wata guda na fara jin daɗin fitar. Lokacin sanyi ne, iska mai daɗi, ga tsuntsaye. Tumbina ya sauka, sugana ya daidaita, na san mutanen unguwar da na shekara goma ina wucewa ba sallama. Kuma na samu wanda zan yi wa Hausa ba ya katse ni. Ina ba shi labarin ofis, ina kai masa ƙarar Hajiya, yana tafe yana kaɗa wutsiya. Larabcin Abu Jamil na manta shi, da Hausa nake ba shi umarni, har ya iya. In na ce "zauna" sai ya zauna, in na ce "mu je" ya miƙe.

Ranar wata Asabar da la'asar muna kan benci ni da shi, sai ga wani mutum ya shigo lambun, farar shadda, hula zanna, carbi a hannu ɗaya, baƙar leda a ɗayan. Tun daga nesa na san Bakano ne, tafiyar ma ta isa. Na ja hular hana sallah na rufe goshi. Ya yi magana da mai gadi, mai gadi ya nuno ni, don ya san a benen nake. Mutumin ya matso ya tsaya nesa da karen, na ji ya ce a hankali, "A'uzubillahi, ji wani ƙato da kare." Sannan ya gyara murya ya gaishe ni da Turancin kasuwa, ya tambaye ni ko ni ɗan Uganda ne. Nan ne na yi kuskuren. Da na ce masa salamu alaikum da an wuce wurin. Sai kunya ta rufe ni, na ɗaga kai kawai alamar e.

Ya ce yana tambayar wani ɗan Najeriya ne a wancan benen, Injiniya Isiyaku, ko na san shi? Wane irin mutum ne? Yana sallah? Yaya zamansa da mutane?

Sai a lokacin na gane. Wannan shi ne Alhaji Sama'ila, ƙanin mahaifin Mubarak, ɗan kasuwar da aka ce yana zuwa sayen kaya yana sauka a Al Ras, unguwar 'yan kasuwa. Shi aka turo bincike, ga shi binciken ya kawo shi gabana. Maimakon in tuba sai na ƙara. Na shaƙe murya na ce da Turanci ai na san shi sosai, mutumin kirki ne, ba ya fashin masallaci, kowa a unguwar yana son sa. Har na ce yana da kyauta. Allah ya yafe min, yabon da na yi wa kaina ranar ko a gaban Hajiya ban taɓa yin irinsa ba. Alhaji yana ta gyaɗa kai yana jin daɗi.

Abin da ban lura da shi ba shi ne hancin Simsim. Ledar nan kilishi ne a ciki, tsarabar Kano da ya riƙo wa Mubarak. Kafin in farga kare ya yi tsalle ya cafke ledar, Alhaji ya saki carbi ya haye benci da shaddarsa yana salati. Ni kuma bakina ya riga hankalina:

"Kai Simsim, sake ta! Zauna, don ƙaniyarka!"

Kare ya zauna. Alhaji Sama'ila ya dube ni daga saman benci ya ce da Hausa, a sanyaye:

"Bawan Allah, daga wace unguwa a Uganda?"

Na ja igiya muka bar wurin da sauri, kilishin a bakin kare.

Da na ba da labari a gida, Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, sai can dariyar ta tsaya mata. Ta ce, "To ranar gaisuwar iyaye da wace fuskar za ka fito? Ko da tabarau za ka karɓi sadaki?" Ummi ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta, da ƙyar ta ce, "Baba, mahaifinsa mutum ne mai tsanani. Ko hoto ba a ratayewa a gidansu." Ta tashi ta shige ɗaki. Tun tana ƙarama ban taɓa zama dalilin kukanta ba sai ranar, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Kare dai ana iya yi masa bayani. Ƙaryar da na yi wa baƙo ita ce ba ta da bayani.

Da safe na sa babbar riga, na karɓi kwatancen masaukinsa a wurin Mubarak, na nufi Al Ras. Na same shi a wani ɗaki a saman shagunan kayan yaji, ƙamshin kanumfari har cikin lif, yana zaune tsakanin kwalaye, wasu yaran shago suna ɗaurin kayan da za a aika gida ta jirgi. Na yi sallama ya amsa, muka gaisa sosai, gida da iyali da kasuwa da gajiya, bai gane ni ba. Sai da muka gama na ce:

"Alhaji, ni ne Isiyaku mahaifin Ummi. Ni ne kuma ɗan Ugandan jiya."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya sallami yaran shagon, sannan ya ce in zauna. Na faɗa masa komai, tun daga faɗuwar Hajiya har zuwa karyewar tsohon. Na ce kunya ce ta sa na yi masa ƙarya, kuma duk yabon da ya ji jiya ya zubar da shi, don mai shaidar ba adali ba ne. Ya ɗan murmusa, amma ya gimtse.

Ya ce, "Injiniya, na ji. Amma ka san Yaya. In ya ji surukinsa yana yawo da kare a bainar jama'a, wallahi ba zan iya tare shi ba. Mutanenmu suna zuwa garin nan kullum, wani zai gan ka. Ga shawara. Ka bar fita da shi har a ɗaura aure, ni kuma ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Shawara ce mai sauƙi, kuma don Allah ya ba ni ita. Na tuna fuskar Ummi. Sannan na tuna yadda tsohon nan yake jiyo ƙarar makullina da asuba ya ɗaga murya daga kan gado yana cewa "Yalla Simsim, ga Hajji ya zo." Saura wata biyu ya taka.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ranar da matata ta faɗi, mutumin nan bai ce bari ya ga wa ke kallonsa ba. Sai ya miƙe da ƙafarsa zan ba shi igiyarsa. Ka faɗa wa Yaya gaskiya duka, abin da Allah ya rubuta shi zai faru."

Ya ce to. Ko rakiya bai yi min ba.

Kwana tara ba mu ji daga gare su ba. Mubarak ya daina kira, aka ce babansa ne ya ce ya dakata. Labari kuwa ya riga ya zaga Al Ras, don yaran shagon ba su yi nisa ba. Ranar Juma'a wani da muka shekara muna gaisawa ya miƙo min yatsu biyu maimakon hannu. Ummi tana zuwa aiki tana dawowa, tana gaishe ni kamar kullum, amma ba ta cin abinci. Ni kuma ina fita da kare safe da yamma, sai dai na ajiye tabarau da hular hana sallah. Da hulata ta gida nake fita, tunda abin da nake ɓoyewa ya riga ya fito.

Rana ta goma da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Alhaji Sama'ila. Ya ce ba wurina ya zo ba, a kai shi ya duba mara lafiya. Na ɗaure Simsim a baranda, ya shiga ya zauna kusa da gadon Abu Jamil, ya ce in ba su wuri. Kusan awa guda suna magana da Larabcinsa na kasuwa, ina jiyo tsohon yana dariya, can kuma na ji yana jan hanci. Har yau ban san abin da suka tattauna ba. Da ya fito, kare ya fara karce ƙofar baranda, Alhaji ya ce, "Lokacin fitarsa ya yi ko? Mu je, amma ka riƙe shi da kyau."

Muka tafi lambun, yana bayanmu da taku biyar. A kan bencin nan da ya taɓa hayewa ya zauna, ya ciro waya ya kira Kano, ya buɗe murya don in ji.

"Yaya, na gama bincike. Abu biyu na samu. Mutumin ya yi min ƙarya sau ɗaya, ya biyo ni har masauki da ƙafarsa ya janye ta. Sannan na ce ya saki maƙwabcinsa saboda mu, ya ƙi, alhali auren 'yarsa yana iya lalacewa. Ni dai in da ni ne, gobe zan kai goro."

Muryar dattijo ta ce, "To karen fa?"

Alhaji ya ce, "Karen ba nasa ba ne. Kuma ni ya ci wa kilishi, wannan tsakanina da shi ne."

Na ji mahaifin Mubarak ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce Allah ya sa alheri, a sa rana. Ina zaune da igiya a hannu, hawaye suka zubo min, ban ma goge ba saboda safar roba.

Sunan kuwa Alhaji Sama'ila ne ya raɗa min shi ranar ɗaurin aure a Kano, da ya hango ni cikin taro ya ɗaga murya ya ce a ba Alhaji Mai Kare hanya. Kafin nan Abu Jamil ya miƙe, na mayar masa da igiyarsa hannu da hannu. Sai dai karen ya ƙi jin Larabci, dole tsohon ya koyi kalma ɗaya ta Hausa. Har muka baro Dubai, in na buɗe taga da yamma ina jiyo shi a lambu yana cewa "zauna."

Ranar da za a kai Ummi ɗakinta ta durƙusa a gabana yin sallama. Na ce ta yafe min kwana taran nan. Ta ɗago ta ce, "Baba, na ji tsoro sosai. Amma da ka saki igiyar nan saboda ni, da ban san da wane ido zan ƙara kallon Abu Jamil ba."

Ita 'yar ƙaramar da ke tambayata ina na baro karen nawa, 'yar Ummi ce ta uku. Ku karanta mata wannan in ta yi wayo, ku ce mata ba nawa ba ne, aro aka ba ni na wata huɗu.